Wa ke da iko da ƙurewar arewa da ƙurewar kudancin duniya?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai karatun hulɗar ƙasashen duniya. Ina yawan jin labarin Girinlan, da jiragen Rasha masu fasa ƙanƙara, da tashoshin binciken ƙasar Sin a Antatika. Wa ke da iko da waɗannan yankuna biyu na ƙanƙara? Haɗin kan da ake yabo a can na gaskiya ne, ko kuwa manyan ƙasashe ne ke yin abin da suka ga dama? Kuma mu a Afirka muna da ta-cewa?

Amsa: Ɗan'uwa, na gode da wannan tambaya. Kafin komai sai mu raba yankunan biyu, domin yawancin ruɗanin da nake gani a wurin ɗalibai daga haɗa su wuri ɗaya yake tasowa. Antatika, can ƙurewar kudu, nahiya ce mai faɗin kusan murabba'in kilomita miliyan 14, wadda ƙanƙara ta lulluɓe, teku kuma ya kewaye ta, kuma babu wata al'umma da ta taɓa zama a cikinta kafin zuwan masu bincike. Yankin Aktik kuwa, a ƙurewar arewa, teku ne daskararre wanda ƙasashe suka yi wa zobe, kuma a gaɓarsa akwai mutum kusan miliyan huɗu, da birane irin su Murmansk da Tromso, da al'ummomin Inuit da Sami da Nenet waɗanda suka shafe dubban shekaru suna farauta da kiwo a can. Saboda haka a kudu abin da ake fama da shi shi ne yadda za a tafiyar da ƙasar da ba a yarda tana da mai ita ba, a arewa kuwa kusan kowane taku na tudu yana da gwamnatin da ke mulkinsa, kuma gardamar ta fi karkata ga ruwa da abin da ke ƙarƙashin ruwan.

Abin da na fahimta cikin shekarun da na yi ina koyar da wannan darasi shi ne, haɗin kan na gaskiya ne, amma lissafin masu ƙarfi ne ya haife shi, kuma ya fi ƙarko a wuraren da aka ƙulla shi tun kafin wani ya fara cin ribar abin da ake magana a kai. Bari mu fara da kudu, domin can ne abin ya fi fitowa fili.

Ƙasashe bakwai ne suka yi iƙirarin mallakar yankuna a Antatika, wato Birtaniya, wadda ta fara a 1908, sai Nuzilan da Faransa da Ostireliya da Norwe da Chile da Ajantina. Ostireliya kaɗai tana iƙirarin kusan kashi 42 cikin ɗari na nahiyar. Yawancinsu sun ja layi ne a kan taswira daga gaɓar teku zuwa tsakiyar nahiyar kamar ana yanka waina, ba tare da sun taka mafi yawan wurin ba, kuma ɗan Afirka da ya san taron Balin na 1884 zuwa 1885 ba zai rasa gane wannan salo ba, sai dai a Antatika babu mutanen da aka raba da danginsu. Inda abin ya yi zafi shi ne zirin ƙasar da ya miƙo daga nahiyar wajen Kudancin Amurka, domin Birtaniya da Ajantina da Chile duk wuri guda suke nunawa. A 1952, a wani wuri da ake kira Hope Bay, sojojin Ajantina sun yi harbi ta saman kawunan wasu 'yan Birtaniya da suka zo sauke kaya, kuma a 1955 Birtaniya ta kai ƙarar ƙasashen biyu kotun duniya da ke Heg, su kuma suka ƙi amincewa da hurumin kotun. Amurka da Tarayyar Sobiyet ba su amince da iƙirarin kowa ba, kuma kowaccensu ta ce tana da hujjar yin nata idan ta ga dama. Wannan duk ana tsakiyar yaƙin cacar baka.

Abin da ya buɗe ƙofa shi ne shekarar binciken kimiyyar ƙasa ta duniya, daga 1957 zuwa 1958, lokacin da ƙasashe 12 suka kafa tashoshi a nahiyar bisa fahimtar cewa za a ajiye maganar mallaka a gefe har a gama aikin. Da aikin ya ƙare sai Sobiyet ta nuna ba ta da niyyar tashi, Amurka kuma ta auna ta ga cewa idan ta yi iƙirari za ta ɓata da ƙawayenta masu iƙirari, kuma za ta takura kanta ga yanki guda alhali tana son shiga ko'ina. Ƙasashen nan bakwai su ma sun san ba su da ƙarfin korar manyan biyu. Ta haka aka sa hannu a Yarjejeniyar Antatika a birnin Washintan ranar 1 ga Disamba 1959, ta fara aiki ranar 23 ga Yuni 1961, kuma ta shafi duk abin da ke kudu da layin digiri 60. Ta hana ayyukan soja da gwajin makamai, ta hana fasa nukiliya da zubar da shararta, ta tabbatar da 'yancin bincike da musayar sakamakonsa, sannan ta ba wakilan ƙasashe ikon shiga kowace tasha a kowane lokaci su duba abin da ake yi. Amurka ta fara amfani da wannan dama a 1964 ta duba tashoshi har da na Sobiyet, a zamanin da irin wannan bincike a wani wuri na duniya mafarki ne.

Zuciyar yarjejeniyar ita ce sashe na huɗu, kuma ina so ka fahimce shi sosai domin ana yawan yi masa gurguwar fassara. Sashen bai soke iƙirarin kowa ba, bai kuma tabbatar da na kowa ba. Cewa ya yi wanda ke iƙirari ya ci gaba da riƙe maganarsa, wanda ke musu ya ci gaba da musunsa, amma ba za a yi sabon iƙirari ko a faɗaɗa tsoho ba, kuma duk abin da wata ƙasa ta aikata yayin da yarjejeniyar ke aiki ba zai zama hujjar mallaka ba. A taƙaice an bar kaza cikin gashinta. Wasu masana shari'a suna ganin wannan rauni ne, ni kuwa ina ganin shi ne mafi hikimar abin da aka rubuta a ciki, domin da an nace sai an warware maganar mallaka, da har yau ba a sa hannu ba. Shaidar ƙarfinsa ta bayyana a 1982, lokacin da Birtaniya da Ajantina suka gwabza yaƙi a kan tsibiran Fokland, amma yaƙin bai tsallaka layin digiri 60 ba, kuma ƙasashen biyu suka ci gaba da zama a teburin Antatika.

Kada ka ɗauka cewa masu iƙirari sun haƙura. Ajantina ta kai mace mai juna biyu tasharta ta Esperanza aka haifi yaro a can a 1978, Chile ta kafa wani ɗan ƙauye mai iyalai a 1984, ƙasashe da dama suna buga kan sarki da sunan yankunansu, Amurka kuwa ta dasa tasharta tun 1956 daidai tsakiyar nahiyar, a wurin da layukan masu iƙirari ke haɗuwa. Ƙasar Sin ta buɗe tasharta ta farko a 1985, ta biyar kuma a watan Fabrairun 2024. Tashar bincike a Antatika aikin kimiyya take yi da gaske, a tashar Birtaniya ta Halley ne ma aka gano ramin da ya buɗe a rufin iskar ozon, wanda aka bayyana a 1985 har ya kai ga yarjejeniyar Montiriyal ta 1987, amma kuma ita ce tikitin zama a teburin yanke shawara. Ƙasashe fiye da 50 ne suka shiga yarjejeniyar, sai dai 29 ne kawai ke da ikon yanke hukunci, kuma ban da goma sha biyun farko, ana samun wannan matsayi ne ta hanyar nuna gagarumin aikin bincike a nahiyar. Wanda ba shi da jirgi da kuɗi da masana, ko ya shiga, zama zai yi yana sauraro.

Gwajin da ya fi kowane girma ya zo ne a kan ma'adinai. A shekarun 1980 ƙasashen yarjejeniyar sun shafe shekara shida suna tsara yadda za a haƙi ma'adinai, har suka kammala wata yarjejeniya a birnin Welintan a 1988. A daidai wannan lokaci Malesiya, ƙarƙashin Mahathir Mohamad, ta kai batun Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1982, tana cewa nahiyar gadon 'yan Adam ce baki ɗaya, bai kamata wasu tsiraru su raba ta a ɗaki ba, kuma ƙasashen Afirka sun mara wa wannan baya, musamman ganin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu tana zaune a teburin. Ƙungiyoyin kare muhalli su ma sun tashi tsaye. A 1989 firaministan Ostireliya Bob Hawke da na Faransa Michel Rocard suka ce ba za su sa hannu ba, kuma da yake tsarin ba zai yi aiki ba sai da amincewar masu iƙirari, sai ya mutu nan take. A madadinsa aka ƙulla ƙarin yarjejeniya ta Madrid a 1991, wadda ta fara aiki a 1998, ta haramta duk wani aiki da ya shafi ma'adinai in ban da binciken kimiyya. Ka lura da lokacin da aka yi wannan. Babu kamfanin da ya haƙa rijiya ko ɗaya, babu ma'aikacin da zai rasa aiki, babu gwamnatin da ta sa kuɗin man Antatika a kasafinta, haƙar ma kanta ta fi ƙarfin fasahar zamanin. Icce tun yana ɗanye aka tanƙwara shi.

Za ka riƙa jin ana cewa yarjejeniyar za ta ƙare a 2048. Wannan kuskure ne. Abin da ke rubuce shi ne, bayan shekara 50 da fara aikin yarjejeniyar Madrid, kowace ƙasa mai ikon yanke hukunci tana iya neman a kira taron sake dubawa, amma sharuɗɗan sauya haramcin suna da tsauri, ciki har da cewa sai an samar da wata doka mai ɗaurewa da za ta tsara haƙar, kuma sai duk ƙasashen da ke da wannan matsayi a 1991 sun rattaba hannu. Ƙofar da ta fi damuna ita ce wadda ta ba ƙasa damar ficewa idan aka amince da gyara amma ya shekara uku bai fara aiki ba. Kuma tun yanzu akwai ƙorafi a kan binciken ƙarƙashin teku da wani jirgin Rasha ke yi a ruwan Antatika, wanda Rasha ke kira kimiyya, wasu kuma ke kira neman mai, alhali na'urorin da ake amfani da su a ayyukan biyu iri ɗaya ne.

Idan kana son ganin yadda tsarin ke cijewa idan kuɗi sun riga sun shiga, dubi batun kamun kifi. Akwai hukumar kare halittun tekun Antatika, wadda aka kafa da yarjejeniyar Kanbera ta 1980, mai zama kowace shekara a birnin Hobart. A 2016, bayan shekaru ana ja-in-ja, ta ware kusan murabba'in kilomita miliyan 1.55 na Tekun Ross a matsayin wurin da aka killace, amma sai da aka yarda a sa wa'adin shekara 35 kafin a shawo kan masu turjiya. Tun daga nan shawarwarin killace Gabashin Antatika da Tekun Weddell da gefen zirin ƙasar nan da ya miƙo wajen Kudancin Amurka suna dawowa shekara bayan shekara, Rasha da Sin suna hawa kujerar na-ƙi. Dalilin yana cikin ruwan, wato wani ɗan ƙanƙanin jatan lande da ake kira kiril, wanda shi ne abincin manyan dabbobin teku da tsuntsayen fengwin, kuma jiragen Norwe da Sin da Koriya ta Kudu suna kama shi domin abincin kifin gona da man da ake sayarwa a matsayin ƙarin lafiya. A 2024 ƙa'idar da ta tilasta a rarraba kamun a wurare daban-daban ta faɗi saboda an kasa sabunta ta, kuma a 2025 aka cika iyakar tan 620,000 da wuri har aka rufe kamun kafin lokacinsa. Ƙa'idar cewa ba a yanke hukunci sai kowa ya amince ita ce ta sa manyan ƙasashe suka yarda suka shigo tun farko, domin babu wadda za a tilasta, kuma ita ce yau ke ba ƙasa ɗaya damar tsayar da kowa. Ga kuma 'yan yawon buɗe ido da yanzu ke haura 100,000 a kaka guda, ga ƙa'idar biyan diyyar ɓarnar muhalli da aka amince da ita a 2005 amma aka shafe kusan shekara ashirin ba ta fara aiki ba saboda jinkirin rattaba hannu.

Yanzu mu koma arewa. A nan babu wata yarjejeniya guda mai kama da ta Antatika, kuma ƙasashen yankin ba sa son a yi ta. Su takwas ne, wato Rasha da Kanada da Amurka, ta hanyar jihar Alaska da ta saya daga Rasha a 1867, da Danmak ta hanyar Girinlan, da Norwe da Suwidin da Finlan da Aislan. Tudu nasu ne, ruwa kuma dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ce ke hukunta shi, wadda ta ba kowace ƙasa mai gaɓa ikon albarkatun mil 200 na teku, da kuma damar neman ƙari a kan ƙasan teku idan ta tabbatar da hujjar kimiyya cewa shimfiɗar tudunta ce ta zarce ƙarƙashin ruwa. Lokacin da 'yan Rasha suka nitsa fiye da mita 4,000 suka kafa tutarsu a ƙasan teku daidai ƙurewar arewa a watan Agustan 2007, duniya ta ɗauka an fara wawaso, amma tutar ba ta da wata daraja a shari'a. A watan Mayun 2008 ƙasashe biyar masu gaɓa, wato Rasha da Kanada da Amurka da Danmak da Norwe, suka haɗu a garin Ilulissat na Girinlan suka bayyana cewa dokar teku ta wadatar, ba a buƙatar sabon tsari. Saƙon yana da fuska biyu, wato za mu bi doka, kuma ku na waje ku tsaya a waje. Rasha da Danmak da Kanada duk sun miƙa takardunsu ga hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai duba iyakar shimfiɗar ƙasa, kowacce tana cewa tsaunin Lomonosov da ke ƙarƙashin teku daga jikinta ya fito, sai dai hukumar hujjar kimiyya kawai take dubawa, ba ta raba iyaka, don haka dole a ƙarshe su zauna da juna. Amurka kuwa har yanzu majalisar dattawanta ba ta amince da dokar tekun ba, ko da yake tana bin mafi yawanta a matsayin al'ada.

An yi irin wannan zama kuma an yi nasara. Norwe da Rasha sun raba yanki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 175,000 a Tekun Barents a 2010 bayan shekara kusan arba'in suna tattaunawa, kuma Kanada da Danmak sun raba ɗan tsibirin Hans a 2022. Wanda ya fi burge ni shi ne yarjejeniyar 2018 da ta hana kamun kifin kasuwanci a tsakiyar Tekun Aktik, wadda ta fara aiki a 2021 na tsawon shekara 16, da sa hannun ƙasashe biyar masu gaɓa tare da Sin da Japan da Koriya ta Kudu da Aislan da Tarayyar Turai. An hana kamun ne tun babu jirgi ko ɗaya da ke kamu a wurin, daidai da abin da aka yi da ma'adinan Antatika, kuma wannan ne ya sa aka iya.

Dandalin da ya haɗa ƙasashen takwas shi ne Majalisar Aktik, wadda asalinta ke komawa ga jawabin da Mikhail Gorbachev ya yi a Murmansk a 1987 yana neman a mai da yankin na zaman lafiya, aka kuma kafa ta a birnin Ottawa a 1996. Ba ta yin doka, kuma takardar kafa ta ta fito fili ta cire batun tsaron soja daga aikinta. Duk da haka a ƙarƙashin inuwarta aka ƙulla yarjejeniyoyi uku masu ɗaurewa, na ceto a 2011, da na maganin malalar mai a 2013, da na haɗin gwiwar kimiyya a 2017. Abin da ya bambanta ta da kusan kowane dandali a duniya shi ne ƙungiyoyi shida na 'yan asalin yankin suna zaune a teburi ɗaya da ministoci a matsayin mahalarta na dindindin, ba su da ƙuri'a amma ana tuntuɓarsu a kan komai, alhali manyan ƙasashe irin su Sin da Indiya da Japan, waɗanda aka karɓa a 2013, a sahun 'yan kallo suke. Wannan matsayi bai zo a banza ba, domin waɗannan al'ummomi sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun gwamnatoci. A 1953 an tashi mutanen Thule a Girinlan daga matsuguninsu saboda sansanin sojan Amurka, kuma a shekarun nan ne Kanada ta kwashi iyalan Inuit ta kai su can ƙurya mai tsananin sanyi da duhu, abin da sai a 2010 ta nemi gafara a kansa. Idan ana lissafin wanda ya ci da wanda ya faɗi a siyasar Aktik, ina roƙonka ka riƙa fara tambaya da su.

Rana ɗaya ta nuna iyakar wannan gini. Ranar 3 ga Maris 2022, kwanaki kaɗan bayan Rasha ta afka wa Yukiren, sauran ƙasashe bakwai suka dakatar da shiga ayyukan majalisar, a lokacin da Rasha ce ma ke shugabanta. Finlan ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO a 2023, Suwidin a 2024, sai ya zama bakwai cikin takwas suna ɓangare guda, ta takwas kuma ita ke da kusan rabin gaɓar tekun, da rundunar jiragen ƙarƙashin teku masu nukiliya a zirin ƙasar Kola, da jiragen fasa ƙanƙara masu aiki da nukiliya waɗanda babu wata ƙasa da ke da irinsu. Norwe ta karɓi shugabanci a 2023 ta lallaɓa har ƙananan kwamitoci suka koma aiki ta intanet, ta miƙa wa masarautar Danmak a 2025, inda aka sa Girinlan a gaba. Majalisar ba ta mutu ba, amma musayar bayanan kimiyya da Rasha ta yi rauni ƙwarai, a yankin da bincike ya nuna yana ɗumama kusan ninki huɗu na matsakaicin duniya tun 1979. Abin lura shi ne hukumar kamun kifi ta haɗin gwiwar Norwe da Rasha, wadda ke aiki tun tsakiyar shekarun 1970, ta ci gaba da raba kason kifi, domin kowanne ya san idan aka bar abin kara zube duk su biyun za su yi asara. Kuma ba daga Rasha kaɗai matsin ke zuwa ba. A taron Rovaniemi na 2019 an tashi ba tare da sanarwar bai ɗaya ba, karo na farko a tarihin majalisar, saboda Amurka ta ƙi a ambaci sauyin yanayi. Maganar sayen Girinlan da Donald Trump ya tayar a 2019, ya kuma sake tayarwa a 2025 har ya ƙi kore yiwuwar amfani da ƙarfi, ta taɓa ginshiƙin da duk tsarin arewa ya dogara a kai, wato cewa an riga an daidaita iyakokin tudu. Tsibirin yana da mutum kusan 57,000, kuma dokar cin gashin kai ta 2009 ta ce su ne masu yanke shawarar makomarsu.

A ganina ƙanƙara ce ta daɗe tana gadin waɗannan yankuna, yarjejeniyoyi kuma suna taimaka mata. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ƙiyasta a 2008 cewa kusan kashi 13 cikin ɗari na man da ba a gano ba a duniya, da kashi 30 na iskar gas, suna arewa da da'irar Aktik, ko da yake mafi yawansu suna cikin ruwan da ba a gardamar mai shi. Hanyar jiragen ruwa da ke bin gaɓar Rasha tana rage tafiya tsakanin arewacin Turai da gabashin Asiya da kusan kashi ɗaya bisa uku, Rasha tana ɗaukar ta a matsayin hanyar cikin gida mai buƙatar izini, Amurka tana musu, kamar yadda take musanta wa Kanada ikon mashigin arewa maso yamma tun tafiyar jirgin dakon mai na Manhattan a 1969. Sin kuma ta kira kanta ƙasa mai maƙwabtaka da Aktik a wata takardar manufa ta 2018. Sai dai kada a zuzuta abin, domin kayan da suka bi hanyar Rasha a 2023 kusan tan miliyan 36 ne, yawancinsu gas da man Rasha ne ake fitarwa, alhali mashigin Suwez ya ɗauki fiye da tan biliyan ɗaya a wannan shekarar.

Saura tambayarka ta ƙarshe. Abin da ke faruwa a can yana iso mu ta teku, domin ƙanƙarar Girinlan tana riƙe da ruwan da zai iya ɗaga teku kusan mita 7, ta Antatika kuma kusan mita 58, kuma ko ɗan kaɗan daga ciki ya narke, Legas da yankin Neja Delta da Kwatano da Iskandariya za su ji a jikinsu. Amma a teburin Antatika Afirka ta Kudu ce kaɗai daga nahiyarmu, tana cikin goma sha biyun farko, tana da tasha a can da jirgin bincike mai suna Agulhas na Biyu, kuma birnin Kef Tawun yana cikin ƙofofi biyar da ake bi zuwa nahiyar. Namibiya tana cikin hukumar Hobart saboda harkar kamun kifi. A Majalisar Aktik babu ƙasar Afirka ko a sahun 'yan kallo. Wannan rashi yana damuna, kuma ba duka laifin masu ƙarfi ba ne, domin Yarjejeniyar Antatika a buɗe take ga duk ƙasar da ke cikin Majalisar Ɗinkin Duniya, har Malesiya da ta jagoranci suka ta shiga a 2011 bayan ta shafe shekaru tana tura masananta tashoshin wasu ƙasashe. Akwai kuma ƙofofin da muke ciki tun tuni. Hukumar kula da sufurin teku ta duniya, wadda Najeriya da Gana da Kamaru ke ciki, ita ta kafa ƙa'idar jiragen ruwan yankunan ƙanƙara da ta fara aiki a 2017, ita kuma ta hana amfani da baƙin mai mai kauri a Tekun Aktik daga 2024, ko da yake da rangwame ga wasu jirage har zuwa 2029. Ga ɗalibi kamarka, hanya mafi kusa ita ce ka ƙware a dokar teku ta 1982, musamman sashenta na 76 a kan shimfiɗar ƙasan teku da na 234 a kan ruwan da ƙanƙara ta rufe, domin sashe na 76 ɗin da Rasha da Danmak da Kanada ke jayayya da shi a kan tsaunin Lomonosov, da shi ne Najeriya ta nemi ƙarin yanki a mashigin tekun Gini, kuma a gaban hukuma ɗaya aka gabatar da takardun duka.